Manajanmu ya dawo daga taro ya ce a kwashe komai a kai gajimare

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon rubutu. Ina aiki a sashen kwamfuta na wani babban kamfani, ba zan kama suna ba, muna da rassa a jihohi da dama. Makon jiya babban manajanmu ya dawo daga wani taro a Legas, ko hutawa bai yi ba ya tara mu ya ce kafin shekara ta ƙare yana so a kwashe duk manhajojinmu daga ɗakin saba (manyan kwamfutocin da manhajoji ke aiki a kansu) na hedikwata a kai su gajimare, wato kilawud. Hujjarsa uku: kullum ana faɗuwa, kwastomomi sun gaji da mu, dizal kuma ya cinye mu.

Ga yadda muke aiki yanzu. Sau ɗaya a wata uku muke ɗora sabon aiki. A tara gyare-gyare wajen ɗari biyu, a rubuta takarda mai shafi arba'in, kwamiti ya zauna ran Laraba ya sa hannu. Daren Juma'a ƙarfe goma sha ɗaya mu shiga ɗakin saba da rigunan sanyi da fulas ɗin shayi, mutum ɗaya yana karanto matakai daga takarda, wani yana bugawa. Wancan karon har aka kira asubar Lahadi muna ciki, saboda an tsallake mataki na 23 babu wanda ya lura, kuma cikin gyara ɗari biyu babu wanda ya san wanne ne ya karya wanne. Maigadi ne ya riƙa sayo mana ƙosai.

Tambayata, in mun koma gajimare wannan wahalar za ta ƙare? Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba.

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. Yaya amsa a taƙaice: a'a. Rigunan sanyin ne kawai za ku daina sawa. Daren Juma'ar yana nan, takardar tana nan, mataki na 23 yana nan, sai dai yanzu da dala za ku riƙa biyan kuɗin wahalar.

Mai Lissafi: Kalmar dala ɗin nan ita ta fito da ni daga inda nake laɓe ina karatu. Zan dawo kanta.

Ƙanwar Kowa: Don Allah yayyena kafin ku yi nisa, ni ɗaliba ce, aji biyu. Kullum ina jin gajimare gajimare, har na rubuta shi a jarrabawa na ci, amma tsakani da Allah ban san ina yake ba.

Baba Injiniya: 'Yata ba a sama yake ba, a ƙasa yake, da siminti da maigadi. Kwamfutar wani ce kike haya. Manyan gine-gine ne cike da saba jere a kan kanta, da na'urar sanyaya ɗaki da janareto, irin ɗakin da Baban Ilham ke kwana a ciki, sai dai nasu ya ninka nasa sau dubbai. Bambancin shi ne ba sai kin sayi ƙarfen ba. Kina zaune za ki ce a ba ki saba goma, cikin 'yan mintuna a ba ki, ki gama ki mayar, a caje ki gwargwadon lokacin da kika riƙe. Amazon ne suka buɗe wannan kasuwa sosai a 2006, Microsoft suka fito da Azure a 2010, Google ma suna ciki. A zamaninmu in kana son saba ɗaya sai ka rubuta takarda, a nemi farashi daga 'yan kwangila uku, a jira jirgi, a jira kwastan. Wata huɗu ba abin mamaki ba ne. Wannan jiran shi gajimare ya kashe, ban ƙi ba. Amma ɗan haya ɗan haya ne.

Ƙanwar Kowa: Na gode Baba. Wallahi wannan ya fi abin da ke cikin takardar da muka haddace.

Ɗan Zariya: Baba ya faɗi gaskiya, amma bari in ƙara, don kada Yaya Baban Ilham ya tafi da zaton cewa ina kushe gajimare ne. Ni a ciki nake cin abinci. Kamfanin da nake wa aiki daga gida, a Turai suke, a rana muna iya sakin gyara sau ashirin, da rana tsaka, mutane na shan shayi. Ba don mun fi ku ƙwaƙwalwa ba. Abin da ya sa, kowane gyara ɗan ƙarami ne, wani layi goma, wani layi hamsin. In na rubuta, sai abokin aiki ya duba ya yarda, sannan na'ura da kanta ta haɗa manhajar ta yi mata gwaje-gwaje ɗaruruwa. In ɗaya ya faɗi, ƙofa ta rufe, babu wanda zai buɗe ta da roƙo. In sun wuce, ba kowa ake ba wa sabon ba. Sai a fara da mutum ɗaya cikin ɗari a zuba ido. Turawa kanari suke ce wa wannan, tsuntsun nan dai da muka sani, don masu haƙar kwal a da suna shiga rami da shi, in iska ta ɓaci shi ke fara faɗuwa sai mutane su fita. In kanarinmu ya faɗi, na'ura ta mayar da tsohon cikin minti biyu.

Ku lura da wannan: in abu ya lalace a wajenmu ba ma tambayar wanne ne cikin ɗari biyu. Ɗaya ne, wanda aka saka minti goma da suka wuce.

Kuma ba sabon abu ba ne. Tun 2009 injiniyoyin Flickr biyu, John Allspaw da Paul Hammond, suka tsaya a wani taro suka ce su a rana suna saki fiye da sau goma, jama'a suka riƙe baki. A shekarar ne Patrick Debois ya kira taro a birnin Ghent na Beljiyam, daga nan sunan DevOps, wato haɗa masu rubuta manhaja da masu kula da saba su yi aiki tare, ya bazu. A 2011 wani jami'in Amazon ya ce a ranakun aiki, a matsakaici duk daƙiƙa 11.6 ana ɗora wani sabon abu a kamfaninsu. Shekara nawa ke nan?

Baba Injiniya: Ɗana, Flickr hotuna suke ajiyewa. In hoton kyanwa ya ƙi buɗewa babu wanda zai kwana da yunwa. Ni shekara ashirin da 'yan kai na yi a ɗakin saba na banki. Ka taɓa tsayawa a gaban manaja ran 28 ga wata albashin mutane ya maƙale? Kai kana cewa sau ashirin a rana, ni ina jin ƙofa ashirin da ɓarna za ta shigo. Kuma tunda kana son tarihi, ga naka: 19 ga Yulin 2024. Kamfanin CrowdStrike, masu manhajar tsaron kwamfuta, ya saki ɗan ƙaramin gyara, irin wanda kake yabo, cikin sauri. Microsoft da bakinsu suka ce kwamfutoci miliyan 8.5 ne suka kwanta. Asibitoci, filayen jirgi, bankuna. Kamfanin jiragen Delta kaɗai ya soke tashi wajen 7,000. Gaggawa aikin shaiɗan.

Ɗan Zariya: Baba da girmanka, wannan misalin nawa ne ba naka ba. Me ya faru a ranar? Sun tura wa duniya gaba ɗaya a lokaci guda. Ba kanari. Da sun fara da kashi ɗaya cikin ɗari, da 'yan kwamfutoci ƙalilan ne za su faɗi, a tsayar da sauran. Na biyu, babu hanyar komawa. Sun janye gyaran bayan minti 78, amma kwamfutar da ta riga ta haɗiya ba ta iya tashi balle a aika mata magani ta intanet, sai da mutane suka bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu suna goge fayil ɗin. Kuma bayan abin ya lafa, me kamfanin ya yi alkawari? Cewa daga yanzu kashi-kashi za su riƙa saki. Ba cewa suka yi za su koma sau ɗaya a wata uku ba.

Tunda kuma batun kuɗin mutane ne, ga na kuɗi. Knight Capital, kamfanin hada-hadar hannun jari a Amurka, 1 ga Agustan 2012. Saba takwas gare su. Ma'aikaci ya ɗora sabuwar manhaja da hannu a kan bakwai, ta takwas ta tsere masa, babu na biyun da ya duba. Da aka buɗe kasuwa, ta takwas ɗin ta farfaɗo da wata tsohuwar manhaja da aka daina amfani da ita shekaru amma ba a goge ba, ta dinga saye da sayarwa ba birki. Minti 45, kusan dala miliyan 440 ta tafi. Kamfanin bai ƙara tsayawa da ƙafarsa ba, haɗe shi aka yi da wani. Yaya Baban Ilham, wannan shi ne matakinku na 23, sai dai ku Allah ya rufa asiri abin ya tsaya a ƙosai.

Baban Ilham: Innalillahi. Kai ka sa gabana ya faɗi. Mu ma fa muna da tsofaffin abubuwa a ciki da babu mai ƙarfin halin gogewa, don wanda ya rubuta su ya bar aiki tun ina sabon shiga.

Baba Injiniya: Na ji ta Knight. Amma ka lura, abin da ya rasa shi ne mutum na biyu da zai duba. Kwamitin da kuke raina wa ke nan.

Anti Odita: Sallama gare ku. Tun ɗazu nake karatu, an zo unguwarmu dole in yi magana. Ni ce irin mutanen da ke zama a kwamitin Laraba, kuma Baba, zan ba ka kunya kaɗan, ka yafe mini. Shekara shida ina sa hannu a irin waɗannan takardu. In faɗa maka gaskiya? Ba na gane kashi ɗaya cikin goma na abin da ke ciki. Ana kawo mana shafi arba'in da ƙarfe tara, taro ƙarfe goma. Abin da muke dubawa: an cike kowane gurbi? Akwai sa hannun shugaban sashe? An rubuta "hanyar komawa baya"? An rubuta. An taɓa gwada ta? Babu mai tambaya, don in ka tambaya taro ya kai la'asar. Wannan ba dubawa ba ce, raba laifi ne, don in abu ya fashe a ce ai mu goma sha biyu muka sa hannu.

Abin da doka da masu sa ido ke nema a wajena abu ne mai sauƙi: wanda ya rubuta kada ya zama shi kaɗai ya amince wa kansa, kuma a iya nuna wa ya canja me, yaushe, wa ya yarda. Tsarin da Ɗan Zariya ya bayyana yana ba ni wannan fiye da takarda, don na'ura ba ta mantuwa kuma ba ta sa hannu a madadin oga da ya tafi Umara. Masu binciken DORA, ƙungiyar da ke nazarin yadda kamfanoni ke sakin manhaja, su Nicole Forsgren, sun shekara da shekaru suna tambayar dubban ma'aikata, kuma abin da suka samu shi ne amincewar kwamitin da ke wajen masu aikin tana jawo jinkiri, ba su kuma ga shaidar tana rage lalacewa ba. Da na karanta ban ji daɗi ba, amma ban yi mamaki ba.

Sai dai Ɗan Zariya kada ka yi murna da wuri. Ranar da wani yaro ya zo mini da maganar "na'ura ta gwada", na ce ya nuna mini gwajin. Guda huɗu ne, uku a ciki an kashe su don suna hana aiki wucewa. Irin wannan gara kwamitin.

Ɗan Zariya: Anti na sallama. Wannan yaron a ba shi aikin share ɗakin saba.

Baba Injiniya: Hajiya ba ki ba ni kunya ba, na zauna a irin taron, na san ana kawo mitfai. Abin da nake tsoro shi ne a rushe tsohuwar katanga kafin a gina sabuwa.

Mai Lissafi: To na dawo kan dala. Baban Ilham, ka tambayi manajanku, wa ya yi masa lissafin? Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Duk kamfanin da ke biyan gajimare da dala yana karɓar kuɗin shigarsa da naira, ya wayi gari hayarsa ta ninka sau uku bai ƙara ko saba ɗaya ba. Na ga wannan da idona a inda nake aiki, sai da muka zauna muna bin saba ɗaya-ɗaya muna tambayar ta wane ne. Muka tarar da goma sha ɗaya da wani ya kunna don gwaji ya manta, wata bakwai mita na juyawa. A ɗakinku in an bar saba a kunne wuta kawai take sha. A can kamar ka bar ɗan tasi ne a ƙofar gida ka shiga ka yi barci.

Sannan akwai kuɗin fita. Shigar da bayanai kyauta ne, fitar da su ne ake caji. A 2024 manyan ukun, Amazon da Microsoft da Google, sun ce sun yafe wannan ga wanda zai tattara ya bar su gaba ɗaya, amma zirga-zirgar yau da kullum tana nan da kuɗinta.

Kuma ba mu kaɗai ke kuka ba. Dropbox, masu ajiye wa mutane fayiloli a intanet, sun kwashe mafi yawan ajiyarsu daga Amazon suka koma gininsu, a takardun da suka miƙa lokacin shiga kasuwar hannun jari a 2018 suka nuna sun rage kashe kusan dala miliyan 75 cikin shekara biyu. Masu manhajar Basecamp sun ce a 2022 sun biya hayar gajimare dala miliyan 3.2, suka sayi nasu saba suka fice. Ba ina cewa kowa ya fice ba. Ina cewa wanda aikinsa bai hawa bai sauka, kullum nauyi ɗaya, sau da yawa mallaka ta fi masa haya. Wanda aikinsa ke kumbura ƙarshen wata ko lokacin rajista ya sake lafawa, shi haya ta yi wa rana.

Na Maraɗi: Gaisuwa daga Nijar. Mu nan sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, saboda haka wannan zazzaɓin na canji bai kama mu kamar ku ba. Namu ciwon hanya ce. Ba mu da teku, duk abin da za mu aika waje sai ya ratsa ƙasar maƙwabta kafin ya kai ga wayar ƙarƙashin ruwa. In ka kai manhajar da ma'aikatanka ke aiki da ita kullum can Faransa, ranar da aka yanke waya a hanya kai da ma'aikatan sai kallon juna.

Baba Injiniya: Yawwa mutumin Maraɗi, ka taɓo inda nake so. 14 ga Maris 2024, cikin azumi. Wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka katse a gaɓar Kwaddibuwa: MainOne, WACS, SAT-3 da ACE. Mutane suka tsaya a gaban masu POS da cefanen buɗa-baki a hannu kuɗi ya ƙi tafiya. Wanda sabarsa ke cikin ƙasa aƙalla rassansa na iya magana da juna. Ku tuna har yau manyan cibiyoyin waɗannan kamfanoni a nahiyar nan Afirka ta Kudu suka fara zuwa: Microsoft a 2019, Amazon a Cape Town a 2020, Google a Johannesburg a 2024. Amazon sun buɗe ɗan ƙaramin reshe a Legas a 2023, amma ba duk hidimominsu ke cikinsa ba. Yawancin masu cewa "muna gajimare" a nan, in ka bincika kayansu na Ireland ko Frankfurt ko Landan. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ɗan Zariya: Baba ɗakin sabar hedikwata ma ai ba a aljanna yake ba. Sau nawa janareto ya ƙi tashi? Sau nawa na'urar sanyi ta mutu aka buɗe ƙofa aka kawo fankar masallaci?

Baban Ilham: Kai wa ya gaya maka maganar fanka? Akwai ɗan leƙen asiri a ofishinmu.

Ɗan Zariya: Yaya kowane ofishi da fankarsa.

Anti Odita: Ku bar dariya ku ji wani abu da manajoji ba sa so a faɗa. Kai kaya gajimare ba ya ɗauke maka alhaki. Su nasu tsaron ginin da ƙarfen, kai naka ƙofofin da ka bari a buɗe. Bankin Capital One na Amurka yana cikin waɗanda suka fi kowa rungumar AWS, wato gajimaren Amazon, har suka rufe cibiyoyinsu na ƙarshe a 2020. Amma a 2019 an kwashe bayanan mutane wajen miliyan 106 ta wata katangar tsaro da su bankin suka saita ba daidai ba. Tarar dala miliyan 80 da hukuma ta ci, bankin ta ci, ba mai gidan haya ba. Mu ma nan tun Yunin 2023 muna da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar da ke kula da ita, kuma fitar da bayanan mutane waje yana da sharuɗɗa. Baban Ilham, kafin a ɗaga ko fayil ɗaya, a zauna da lauyan kamfani a rarrabe: wannan zai iya fita, wannan ba zai fita ba.

Ƙanwar Kowa: Yayyena tambaya ta biyu, kada ku gaji da ni. Su manyan ba sa faɗuwa ne? Kuma mene ne kwantena da ake ta cewa in koya?

Ɗan Zariya: Suna faɗuwa ƙanwata, faɗuwar giwa ma. A 28 ga Fabrairun 2017 wani injiniyan Amazon ya yi kuskuren bugu a umarni ɗaya, ya kashe saba fiye da yadda ya nufa a cibiyarsu ta arewacin Bajiniya, shafuka da yawa suka kwanta wajen awa huɗu. Abin dariyar, allon da ke nuna wa jama'a ko akwai matsala shi ma a kan abin da ya faɗin ya dogara, ya kasa nuna ja. Wanda ya fi ba ni tsoro na Mayun 2024 ne. UniSuper, asusun fansho a Ostireliya mai mambobi sama da 600,000. Wani gurbi da aka bari fanko lokacin saiti a ɓangaren Google ya sa aka goge musu muhallinsu gaba ɗaya, har da kwafin da ke wani yankin, don duka a ƙarƙashin rajista ɗaya suke. Kusan mako biyu suna fama. Cikin abin da ya cece su akwai kwafin da suka ajiye a wajen wani kamfani daban.

Kwantena kuwa, kin san kwantenar kaya da ke zuwa daga Apapa? Ba ruwan jirgi ko tirela da abin da ke ciki, atamfa ce ko taliya, girman akwatin ɗaya ne, kowa ya san yadda zai ɗauka. Haka ake ƙunshe manhaja da duk tarkacen da take buƙata a akwati ɗaya, yadda ta yi aiki a kwamfutarki haka za ta yi a saba. Docker ne ya yaɗa wannan daga 2013, Google suka fito da Kubernetes a 2014 don ya zama kamar shugaban tasha mai cewa wannan akwati ya hau waccan mota. Ki fara da Docker da Git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin duk gyaran da aka yi wa manhaja. Kubernetes ki bar shi tukuna, ya sa manya kuka.

Baba Injiniya: Kwafi a wajen wani daban. A rubuta wannan da manyan baƙi. Mu da kaset muke yi, duk Juma'a a saka a jaka a kai wani reshe. Yara suna mana dariya.

Baban Ilham, bari in ba ka labarin da ya fi kama da abin da manajanku ke shirin yi, don ni abin da ya dame ni ba gajimaren ba ne, "kafin ƙarshen shekara" ɗin ne da "komai". Bankin TSB a Birtaniya, Afrilun 2018. Suka ce a ƙarshen mako ɗaya za su kwashe kwastomomi sama da miliyan 5 daga tsohon tsarin Lloyds zuwa sabon da masu bankin na Sifen suka gina. Yammacin Lahadi aka buɗe. Mutane wajen miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, wasu suka shiga suka ga asusun wasu. Aka yi makonni ana abu ɗaya, shugaban bankin Paul Pester ya sauka a watan Satumba, a Disambar 2022 hukumomi suka ci su tarar fam miliyan 48.65, ban da ɗaruruwan miliyoyin da gyara da diyya suka ci. Ba a rasa ƙwararru a wurin ba. Rana aka tsayar tun kafin a san ko aikin zai nuna. Mu ma nan mun ɗanɗana a 2024 da wasu bankuna suka sauya babbar manhajarsu, kowa ya san yadda layi ya kasance.

Ɗan Zariya: To Baba ai mun haɗu. TSB shi ne daren Juma'ar su Yaya, an dai ƙara masa girma ne. Tara abu da yawa, a sake shi dare ɗaya, babu hanyar dawowa. Netflix da kowa ke kafa misali da su, rumbun bayanansu ya lalace a Agustan 2008 suka kwana uku ba su aika wa kwastomomi faifan fim ba, daga nan suka fara ƙaura. Sai Janairun 2016 suka gama. Shekara bakwai da 'yan kai, kuma ba ɗaukar tsofaffin kayan suka yi suka jibge a can ba, kusan komai sake gina shi suka yi gaɓa-gaɓa.

Baba Injiniya: Ban ce mun haɗu ba. Na ce a tafi a hankali, kai ka ce sau ashirin a rana.

Anti Odita: Baba ai abu ɗaya kuke faɗa. Shi yana cewa a riƙa ɗiban ruwa da moɗa, kai kana cewa kada a kinkimi randa. Girman kai ne kawai ya hana ku gaisawa.

Baba Injiniya: Hajiya ke dai ba a kai ki shari'a.

Mai Lissafi: Ni dai a saka mini sunan mai kowace saba a jikinta, da ranar da za a kashe ta. Sauran ku ƙarata.

Baban Ilham: Allah ya saka da alheri, na samu abin da ya fi wanda na zo nema. Ga abin da na tsara zan kai wa oga, ku gyara mini. Ba zan ce masa a'a ba, don in na ce a'a zai kawo 'yan kwangila su yi ba tare da mu ba. Zan ce a ba mu manhaja ɗaya, ta neman hutu da biyan alawus na ma'aikata, wadda in ta faɗi babu kwastoman da zai ji. Mu saka ta a Git, mu rubuta mata gwaji na gaske ba irin na yaron Anti ba, mu mayar da takardar matakai ta zama abin da na'ura ke yi, mu riƙa saki duk Talata da hantsi. Wannan duk a ɗakinmu za a fara, ba sai an biya kowa dala ba. In ta zauna, ita za mu fara kaiwa gajimare mu ga takardar kuɗin wata uku. Mu riƙa rubuta abu huɗu: sau nawa muka saki, kwana nawa gyara ke yi kafin ya isa hannun mutane, sau nawa ya lalace, minti nawa muka ɗauka muka tashe shi.

Ɗan Zariya: Su ne ma'aunai huɗun DORA daidai. Amma Yaya ka shirya, masu kula da saba da masu rubuta manhaja sai sun zauna ɗaki ɗaya. In suna hawa daban-daban suna aika wa juna takarda, babu na'urar da za ta yi muku magani.

Baban Ilham: Hawa daban-daban suke, kuma shugabanninsu ba sa ga maciji tun wani rikicin ƙarin girma. Wannan sai da addu'a.

Baba Injiniya: Ɗana tsarin ya yi. Abu ɗaya na ga babu. Yaushe rabon da ku ɗauko kwafin ajiyarku ku zuba shi a saba fanko ku ga ko zai tashi?

Baban Ilham: Kullum dare ana ɗauka Baba, saƙo na shigo mini da asuba cewa an yi nasara.

Baba Injiniya: Ba ɗauka na tambaye ka ba.

Baban Ilham: Tun da na zo ban ga an yi ba.

Baba Injiniya: To ka bar maganar oga zuwa Laraba. Litinin da safe ka samu saba ɗaya da ba a aiki da ita, ka ɗauki yaro ɗaya, ku dawo da kwafin daren Lahadi. Kada ka kira wanda ya saita abin, ku bi abin da ke rubuce kawai. Ka duba agogo lokacin da kuka fara, ka duba lokacin da mutum na farko ya iya shiga ya ga bayanansa. Ka zo nan ka faɗa mana awa nawa.

Ƙanwar Kowa: Yaya in da hali ka ɗauko mana hoton fankar ma.